Ɗan Da Ba A Ƙirga Ba

SHAFI NA 17

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina!

Yauwa, na ji ku, kun ce ta zo ku ji ta. Har da masu yi mini fushi wai na bar ku a ɗakin likita na tafi shan shayina. To ga ni, ku gyara zama.

Tun ranar da Telita ta dawo tsibiri daga birnin Cairns tare da ɗanta Dimas, abinci bai ƙara zama mata a ciki ba. Ko ta kai loma baki, sai muryar likitar zuciyar nan ta dawo mata.

Likitar ta nuna musu hoton a allo, ta ce naman zuciyar Dimas ya yi kauri fiye da kima, kuma abin a jini ake gadonsa. Irin wannan zuciya tana iya yin shekaru lafiya lau, rana ɗaya bugunta ya rikice, mutum ya yanke jiki ya faɗi yana tsaka da dariya. Ta ce akwai wata 'yar na'ura, ba ta fi akwatin ashana ba, ana dasa ta ƙarƙashin fatar ƙirji ta zauna tana gadi. Da zarar bugun ya hargitse, sai ta zabga wa zuciyar wuta ta dawo da ita hanya. Amma ba kowa ake dasa wa ba, don ita ma da tata wahalar.

Sai ta yi tambayar.

"A cikin waɗanda suka haife ka, ko 'yan'uwanka ciki ɗaya, akwai wanda ya faɗi ya mutu farat ɗaya da ƙuruciyarsa?"

Dimas ya yi dariya.

"Ni kaɗai ne wurin iyayena, likita. Ga Ama nan a gabanki garau. Baba kuwa har gobe shi ke hawa bishiyar kwakwa."

"To madalla. Da akwai, da ban bar ka ka koma tsibiri babu na'urar ba."

Ta ba shi ƙwayoyi, ta ce ya dakata da nutso a teku sai ta sake ganinsa. Shi kuwa gogan, madallar kawai ya ɗauko, sauran ya bar mata a ofis.

Telita na zaune a gefensa, ta rungume jaka, ba ta ce uffan ba.

Alhali ta san ba ita ta haife shi ba.

Ƙanwarta Seriana ce ta haife shi. Yana ciki mijin Seriana, Kapua, ya mutu, ya bar ta da yara uku. Ita kuwa Telita da mijinta Wapau ko ɓari ba su taɓa gani ba. Sai manya suka zauna, aka ba su abin da ke cikin tun bai zo duniya ba, kamar yadda ake yi a nan tun kaka da kakanni. Ɗan da aka bayar ya zama na wanda aka ba, da suna, da gado, da komai. Kuma ba a faɗa masa. Duk tsibiri na iya sani, amma babu bakin da zai buɗe.

Yau aka buɗe kamun kaiar, manyan jatan landen nan da maza ke nutsewa ƙarƙashin duwatsun teku su kamo. Tun da gari ya waye Dimas ke ta loda kaya a jirginsa.

Telita ta ajiye kwanon ƙullin gurasar da take murzawa, ko hannu ba ta wanke ba, ta zagaya gidan ƙanwarta.

Seriana na zaune a baranda tana kankare kwakwa. Ta ɗago ta yi murmushi.

"A'a, Sisi yayata! Da sassafe haka? Ko Wapau ne ya koro ki? Daman na ce wata rana zai gaji da surutunki."

Telita ba ta yi dariya ba.

"Kin je birni kin dawo, ko sabulu ba ki riƙo mini ba. Rowa dai ba ta tsufa."

"Seri, ajiye kwakwar nan."

"In ajiye wa zai..."

"Na ce ki ajiye."

Seriana ta dube ta da kyau, ta ajiye.

"Me ya kashe Kapua?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ba tare muka yi kukan ba? Ruwa ya ci shi."

"Ruwan da bai kai masa ƙugu ba? Mutumin da aka haifa a teku? Yana jan jirgi zuwa gaɓa aka ga ya kifa. Ni yarinya ce?"

"Sisi, ki bar mamaci ya huta."

"Gedor fa?"

Fuskar Seriana ta canza. Gedor shi ne babban ɗanta, wanda ya faɗi a filin ƙwallo yana saurayi, ba wanda ya taɓa shi, bai sake tashi ba.

"Kada ki kira mini sunan yaron nan da safen nan."

"Sai na kira. Mun ce rana ce ta buge shi. Wasu suka ce hannu aka sa masa. Ke da aka kai gawarsa Cairns aka duba, me suka ce miki?"



Kaza ta zo tana tsattsagar kwakwar da ke cikin kwano, babu wadda ta kore ta.

"Seri, ina tambayarki."

"Me likita ta ce game da Dimas?" Muryar Seriana ta yi ƙasa. "Ya ce mini lafiya lau, wai ƙwaya kawai aka ba shi."

"Ta ce naman zuciyarsa ya yi kauri."

Seriana ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo Allah. Wayyo Allah na."

"Kin san kalmar ke nan."

"Na san ta."

"Tun yaushe?"

"Tun Gedor." Hawaye ya soma zubo mata. "Sun ce zuciyarsa ta yi kauri, ta cika masa ƙirji. Suka tambaye ni ubansa, na ba su labari, suka kalli juna. Suka ce daga uban ne. Suka ce duk ɗan da na haifa da Kapua in kawo shi a duba, don in an gano da wuri akwai abin da ake sa wa mutum a ƙirji."

Telita ta ja da baya. Ta zauna a kan matakala.

"Sai kika yi yaya?"

"Na kai sauran biyun, Dalassa da Wasie. Aka duba su, aka ce su kam sun tsira."

"Shi fa?"

"Likitan ya ce, 'ya'ya nawa kika haifa da marigayin? Na ce uku. Har da wanda muka binne, uku."

"Huɗu kika haifa, Seriana!"

"Uku gare ni!"

"Huɗu!"

"Uku! Na huɗun naki ne! Ko kin manta abin da Aka ta faɗa ranar da na miƙa miki shi?" Aka ita ce kakarsu, wadda ta yanke maganar a wancan lokaci. "Ta ce, Seriana, daga yau bakinki ya mutu a kan yaron nan. Ya mutu! Nono na zuba yana jiƙa mini riga, ina jin kukansa ta bayan dangar nan, na taɓa leƙowa? Ya yi zazzaɓi kika kwana a tsaye, na taɓa cewa ba ni shi in gani? In na ƙirga shi a gaban likita, ai na karɓe shi ke nan. In karɓe miki ɗa a ofishin baƙo, da biro?"

"Ai da kin zo kin raɗa mini."

"Na zo! Sau nawa ina zuwa? In shigo in tarar kina yi masa aski, ko kina ɗinke masa wandon makaranta kina waƙa, sai maganar ta maƙale. In ce miki me? Ɗan da na ba ki da ciwo na ba ki shi? Sai na riƙa kallonsa. Na ga ya fi kowa gudu, ya fi kowa daɗewa a ƙarƙashin ruwa. Na ce Allah ya tsallake shi, ni ya ɗauko bai ɗauko uban ba."

"Duk shekarun nan kina kallonsa yana nutso."

"Duk ranar da ya fita ba na cin abinci sai na ji injinsa ya dawo. Kina tsammanin azumin coci nake yi?"

Telita ta buɗe baki za ta zage ta, sai ta tuna jakar da ta rungume a gaban likita. Me ta fi ta da shi?

"Ni ma an tambaya a gabana," ta ce a hankali. "Ta ce da akwai uba ko ɗan'uwa da ya faɗi haka, da ba ta bar shi ya dawo ba. Ina zaune, Seri. Ina ji. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse."

"To kin gani."

"Na gani."



"Yanzu wa zai faɗa masa?" in ji Seriana.

"Ke kika haife shi."

"Ke ce uwarsa."

"Babu mai faɗa masa komai."

Suka juya a firgice. Wapau ne tsaye a bakin danga, hannunsa duk man inji. Ya zo neman matarsa ne don Dimas na tambayar guzurinsa, Allah kaɗai ya san tun yaushe yake tsaye.

"Baban Dimas, ka ji dai abin da..."

"Na ji. Ba kurma ba ne ni." Ya shigo, ya rage murya. "Ku mata ba ku da dabara sai kuka. A yi wa likitar waya a ɓoye, a gaya mata, ta kira shi ta sa masa abin. Shi ke nan. Ba sai ya ji komai ba."

"Ta kira shi ta ce masa me?" in ji Telita. "Zo in tsaga maka ƙirji don na yi mafarki? Dimas ne fa. Ko allura ba ya yarda a yi masa sai an gaya masa dalili."

"To ta ƙirƙiro wani dalilin."

"Likita ce, ba 'yar'uwarka ba ce da za ta yi maka ƙarya."

"Kuma lambarta a ɗakin shan magani take," in ji Seriana tana share ido. "Wa ke zaune a teburin? 'Yar yayanka. Kafin ka ajiye wayar duk tsibiri ya ji."

"Ke kuma ki yi mini shiru! Da kin yi magana tun wancan lokaci..."

"Da na yi, da kai ne farkon wanda zai ce na ci amana."

Wapau bai musa ba. Ya goge hannu a wando, ya sake gogewa, man bai fita ba.

"Ku ba ku san abin da kuke shirin yi ba," ya ce. "Sunana yake ɗauke da shi. Filin ubana nasa ne, wurin kamun ubana nasa ne. 'Ya'yan wana sun daɗe suna jiran ranar da wani zai furta maganar nan da baki. Yanzu ba su isa ba, don ba a faɗa. Ranar da mu da kanmu muka faɗa fa?"

"Fili za ka binne ko ɗa?"

"Telita!"

"Na tambaye ka ne."

"Ba filin ba ne!" Muryarsa ta karye. "Ni na koya masa riƙe numfashi. A kan wuyan nan nawa ya fara ganin teku. In ya ji, ya juyo ya dube ni, wa zai gani? Mijin yayar uwarsa. Shi ke nan abin da zan zama."

Tsoron da ke cin Telita ke nan ita ma, shi ya riga ta faɗa.

Can daga bakin ruwa suka ji an ja igiyar inji. Ya yi tari ya mutu. Aka sake ja.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

Jikokina, mace mai ciwon gwiwa, wadda ko coci sai ta huta a hanya, ranar nan gudu ta yi. Takalmi ɗaya ya fita, ba ta waiwaya ba.

Jirgin na kan ruwa, Dimas na tsaye a ciki da rigar nutso a ƙugu, abokin aikinsa Tanu na riƙe da igiya.

"Ama! Ina gurasar tawa? Kin taho hannu wofi, ga gari har goshi. Yunwa kike so ta kashe ni a teku?"

Ta faɗa ruwan da rigarta, ta kutsa har ya kai mata cinya, ta kama bakin jirgin da hannu biyu.

"Ba za ka je ba."

"Haba Ama, mun gama wannan jiya."

"Likita ta ce ka dakata."

"Likita ta ce madalla. Da kunnenki kika ji. Tanu, ka gan ta ko? Tun ina ɗan shekara biyar take hana ni wanka a teku."

Tanu ya yi dariya. "Ama Telita, ki bar shi, ni zan riƙe miki shi. In ya yi rashin ji in dawo miki da shi a cikin akwatin ƙanƙara."

"Rufe mini baki, ɗan banza!"

Dariyar ta tsaya. Ba a taɓa jin ta zagi ɗan kowa ba.

"Dimas, akwai maganar da... akwai abin da ban..."

Ta tsaya. Ta sake buɗe baki. Kalmomin da aka danne shekara da shekaru suka ƙi fitowa.

Dimas ya ɗaga kai. Ya ga Seriana tsaye a kan yashi, ido jajir. Ya ga Wapau a bayanta, kai a sunkuye. Ya daɗe yana kallon su ukun.

"Tanu, je ka ƙaro mana ƙanƙara."

"Ai ta isa."

"Je ka ƙaro."

Tanu ya miƙa wa Wapau igiyar, ya haura.

Dimas ya kashe injin. Ya tsuguna a cikin jirgin har fuskarsa ta zo daidai da ta Telita.

"Ama, kada ki wahalar da kanki. Na sani."

"Ka san me?"

"Abin da kika kasa faɗa."

Ruwan ya yi mata sanyi har cikin ƙashi.

"Wa... wa ya gaya maka?"

"Gedor. Yana da wayo lokacin da aka ɗauke ni aka zagaya da ni gidanki, ya ce yana tsaye yana kallo. Ana saura kwanaki ya rasu muna gyaran raga, ya ce, kai ƙanena ne, ciki ɗaya, in ka faɗa wa wani sai na zubar maka da haƙora." Ya yi ɗan murmushi. "Na riƙe masa. Haƙorana kuma ga su."

Seriana ta durƙushe a kan yashi.

"Tun kana ɗan makaranta?" in ji Telita. "Ka sani, kake ce mini Ama?"

"To me zan ce miki? Wa ya goya ni?"

"Ka san yadda Kapua ya mutu. Ka san yadda Gedor ya mutu."

"Ina filin ranar. Ni na fara isa kansa."

"To don me ka ce wa likita babu? Don me, Dimas?"

Ya kalli hannuwanta da ke riƙe da jirgin.

"Kina zaune kusa da ni. Ina ganin yadda kika ƙanƙame jaka. In ce me? In dubi baƙuwa in ce, matar nan ba ita ta haife ni ba? A gabanki? Gara zuciyar ta tsaya."

"Kada ka ƙara faɗar haka!"

"To na bari."

Wayyo, jikokina. Mutum huɗu, kowa ya rufe baki don kada ya kunyata wani, ciwo kuwa yana ta girma abinsa a cikin shirun.

Sai ga Wapau ya shigo ruwan, igiya a hannu. Ya tsaya kusa da matarsa. Bai kalli kowa ba sai ɗan.

"Dimas."

"Baba."

"Kapua ne ya haife ka. Mutumin kirki ne, ya fi ni iya teku." Ya ƙara damƙe igiyar. "Je ka gaya wa likitar nan sunansa. Ka gaya mata na Gedor. Ni na ce ka faɗa. Duk wanda ya yi magana a tsibirin nan, ya zo ya same ni."

Idon Dimas ya ciko. Ya sunkuyar da kai, ya goge da bayan hannu.

"Na gode, Baba."

"To sauko."

Bai motsa ba.

"Na ce ka sauko. Akwai jirgin sama gobe."

"Baba, ka san in aka sa mini abin nan, ni da ƙarƙashin ruwa har abada? Na tambaye ta da kika fita, Ama. Ta ce in ya buga mini wuta ina can ƙasa, ruwa zan shaƙa. Ba mai barina in sake nutso."

"Sai me?" in ji Telita. "Sai ka zauna a sama kamar sauran mutane!"

"In yi me a saman? In zauna ƙarƙashin bishiya ina kallon sa'o'ina na fita? Matata Lency na da ciki. In ɗana ya taso, wa zai koya masa abin da Baba ya koya mini?"

"Gedor wa ya koya wa?" Seriana ce daga kan yashi. "Kapua ya ga fuskarka? Ina ɗauke da kai aka shigo mini da gawarsa a kan ƙyauren ƙofa, Dimas. Kana so a shigo wa Lency da kai haka?"

Karon farko ke nan a rayuwarta da ta yi masa magana irin ta uwa. Kowa ya ji. Shi ma ya ji.

"Ama Seri..."

"Ban taɓa roƙonka komai ba. Ban da iko. Yau ina roƙo."

Ya rufe ido. Telita ta ga hannunsa ya tafi ƙirji ya ɗan danna, kamar mai lallashin wani abu a ciki, ya yi sauri ya sauke.

"Zan je," ya ce. "Na rantse zan je, a sa mini. Amma ku bar ni in yi na yau. Ranar buɗewa ce. In ta ƙare mini, ta ƙare ina sane, in yi sallama da wurin. Ba zan yi nisa ba, nan bayan dutse. Ba zan yi zurfi ba. Kafin rana ta karkata na dawo, mu je mu kira likitar tare, mu huɗu."

"A'a."

"Ama."

"A'a! Wapau, riƙe igiyar! Kada ka saki!"

Tanu ya dawo da buhun ƙanƙara a kafaɗa, ya jefa a jirgi, ya haye. Ya dubi fuskokinsu.

"Au, ka gaya musu ke nan? Gara dai. Ni tun ranar nan da ka sulale mini a cikin jirgi hankalina bai..."

"Tanu!" Dimas ya daka masa tsawa.

"Ya sulale?" Telita ta ƙwala. "Yaushe? Suma ya yi? Dimas, ka suma ba ka gaya wa likita ba?"

"Jiri ne kawai, ban karya ba ranar."

Ya ja igiyar inji. Wannan karon bugu ɗaya ya tashi, ƙararsa ta haɗiye sauran maganarta.

Ya sunkuyo, ya kama hannunta, ya shiga ɓamɓare yatsun daga bakin jirgin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yadda take yi masa yana yaro in ya damƙe wuƙa. Ƙullin gurasar da ya bushe a hannunta ya manne a nasa.

"Ki gasa mini ita da kwakwa. Ina dawowa."

Ya dubi Wapau. Ya miƙa masa hannu kawai.

Wapau ya kalli igiyar. Ya kalli ɗan da ya koya wa cewa namiji ba a riƙe shi a gaɓa kamar akuya. Telita na ihu, kada ka saki, kada ka saki.

Igiyar ta zame daga hannunsa. Shi kansa bai san ko sakinta ya yi ko ƙwacewa ta yi ba.

Jirgin ya yanka ruwa, ya zagaya bayan dutse, ya ɓace.

Ba wanda ya koma gida.

Seriana ta zauna inda ta durƙusa, tana ta jan yashi da yatsa. Wapau ya tsaya a inuwar wani jirgi da aka kife, ya harɗe hannu a baya, bai zauna ba. Telita kuwa ta fito daga ruwan, rigar na ɗiga, ta zauna kusa da ƙanwarta. Can Seriana ta lalubo hannunta ta riƙe. Babu sauran abin ɓoyewa, kuma faɗar ba ta tsayar da jirgin ba.

Sauran jirage suka fita ɗaya bayan ɗaya. Gaɓa ta yi tsit.

Rana ba ta kai tsaka ba suka ji inji.

Wapau ne ya fara ɗaga kai. Ya san kukan injin nan kamar muryar ɗansa. Kuma ya san ba a dawowa daga kamu a wannan lokaci, ba a kuma taho wa gaɓa da irin wannan gudu.

Seriana ta miƙe, ba ta tambayi kowa ba, ta juya ta ruga hanyar ɗakin shan magani, tana ƙwala wa ma'aikaciyar kira ta fito da akwatin nan mai ba zuciya wuta da ke rataye a bango.

Wapau ya faɗa ruwa da kayansa yana kutsawa, har ya kai masa ƙirji.

Telita ta tsaya a bakin gaɓa da takalmi ɗaya, ta kare ido da hannu tana neman kawuna biyu a cikin jirgin.

Kai ɗaya ta gani a tsaye.

Na Tanu ne, hannu ɗaya a kan inji, ɗayan yana ɗaga musu rigar Dimas.